Wace roba zan saya? Tambayoyi da amsoshi kan mazubin tsima kamu, kindirmo, khal da lemon citta a gida

Tambayoyin nan kusan kullum su ake maimaita min, musamman masu fara ƴar sana'ar kunu ko yogot da jari kaɗan, da masu son gwada khal ɗin gida, wato ruwan tsamin nan da ake kira binega. Na gaji da amsa abu ɗaya sau goma shi ya sa na tara su wuri guda. Da "ki" zan yi magana tunda yawancin masu tambayar mata ne, maza ku yi haƙuri ku ma ku karanta.

Wai ba kowace roba ce ake iya tsima abu a ciki ba? Ai roba roba ce.

A'a ƴar uwa, roba suna ta tara. Abin da ya bambanta tsimi da ajiye garin tuwo shi ne tsimi yana da ruwa, yana da tsami, wani lokacin da ɗumi, kuma yana kwana biyu uku ko ma wata guda a cikin mazubin. Waɗannan abubuwan su ke sa roba mara kyau ta saki kala ko wari ko sinadarin da aka haɗa ta da shi ya shiga abincin. Bokitin da za ki zuba busasshen wake ya shekara lafiya lau, shi ɗin ne za ki tsima gasara kwana uku ki ji tana ɗanɗanon roba.

Abu uku nake dubawa kafin na ba da kuɗina: wace irin roba ce, me aka taɓa zubawa a ciki, sannan yaya marfin yake. Kyan kala da zanen fulawa a jiki ba sa cikin lissafi.

Lambar da ke gindin roba cikin ɗan alwatika me take nufi?

Kifa robar ki duba gindinta, za ki ga alama mai kusurwa uku da lamba a tsakiya daga 1 zuwa 7, wani lokacin da haruffa a ƙasa. Tun 1988 masana'antun roba na Amurka suka fito da tsarin, asali don masu sake narka roba su san yadda za su ware ta ne, amma mu ma yana mana amfani.

Lamba 1 ita ce PET, irin gorar ruwa da gorar lemo, garau take kuma tana riƙe gas sosai amma ba ta son zafi ko kaɗan. Lamba 2 HDPE ce, ita ce jarkar man gyaɗa da yawancin fararen bokitai masu kauri. Lamba 5 PP ce, irin robar ayis kirim da robobin tafiya da abinci masu kyau, ita ta fi kowa jure zafi. Waɗannan ukun su ne namu. Lamba 4 ta leda ce da wasu marafai masu laushi, ba laifi. Lamba 3 PVC ce irin ta bututun famfo, 6 kuma irin farar robar tekawe mai kama da soso da kofunan da ke tsagewa in an matsa, ki bar su. Lamba 7 tarkace ce, duk abin da bai shiga shidan farko ba nan ake jefa shi, zan yi maganarta a ƙasa a tambayar gorar dispensa.

Sai dai ki riƙe wannan: lambar tana faɗa miki irin robar ne kawai, ba ta ce an yi ta don abinci ba. Jarkar baƙin mai ma lamba 2 ce. Alamar da ke nufin abinci ita ce ɗan hoton kofi da cokali mai yatsu, in kin gan shi tare da 2 ko 5 to kin dace.

Robar da na gani a kasuwa ba lamba ba alama, in saya?

Robobin da ake bugawa a gida da yawa haka suke, ba komai a gindi. In haka ne sai ki yi aiki da hanci da ido. Buɗe marfin ki sa hanci ciki, in kin ji wari mai kama da ƙonanniyar taya ko kalanzir ajiye ta. Ɗaga ta saitin rana, robar da aka yi da sabon kaya kalarta ɗaya ce sumul, wadda aka narka daga tsofaffin robobin ƴan jari bola kuwa za ki ga ɗige-ɗige da jirwaye a jikinta, kuma sau da yawa baƙa ake yinta ko ruwan toka don a ɓoye haɗe-haɗen. Baƙin bokiti da baƙin baho na wanki ne da wanka, ba wanda ya san me da me aka narka a ciki. Ni fara nake ɗauka ko mai garau, ko da ta ɗan fi tsada.

Bokitin fenti fa? Kowa da shi yake amfani ai.

Na sani, har awo ake yi da shi a kasuwa. Amma awon tumatir na minti biyar daban, tsima kamu kwana uku daban. Roba tana shan abin da aka zuba mata, ba a fuska kawai yake tsayawa ba, shi ya sa ko kin kankare fentin tas kin wanke da omo sau biyar in kin rufe shi ya kwana a rana kika buɗe za ki ji warin yana nan. In sabo ne fil da ba a taɓa zuba fenti ba, irin wanda ake sayarwa a wajen ƴan robobi, fari kuma lamba 2 ko 5, wannan da sauƙi.

Jarkar maganin feshi na gona, ta fetur, ta baƙin mai, ta ruwan batir, da shuɗin durom ɗin da ba ki san me ya zo a ciki ba, waɗannan babu zancen wanki. Ko kyauta aka ba ki kar ki karɓa don abinci.

To ina zan samu mai araha kuma mai kyau?

Wajen masu gidan burodi da masu kek. Bota da suke saya tana zuwa ne a farin bokiti mai kauri da marfi mai kamawa gam, dama don abinci aka yi shi, in ya ƙare sayar da su suke yi da arha, in kuna mutunci ma a ba ki. Wahalarsa ɗaya maiƙo, sai kin wanke da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke sau biyu uku. Bayan shi akwai robar kastad, robar mayonis babba, robar ayis kirim, duk waɗannan na cikin gida ne ba sai kin saya ba kuma sun isa gwaji na lita ɗaya zuwa huɗu.

In sabo kike so, a Kano layin ƴan robobi na Ƙofar Wambai babu irin da babu, kowane gari kuma yana da nasa layin. Ki je da kanki ki kifa ki duba, in kika aiki yaro mai kyan kala zai kawo miki.

Jarkar man gyaɗa ruwan ɗorawa mai lita 25 ita ma robar abinci ce, amma bakinta ƙarami ne hannu ba ya shiga, abin da hannu ba ya shiga kuwa ba ya wankuwa yadda ya kamata. Ta manja kam ki manta da ita, na taɓa ɗura yogot a wata da na yi rantsuwa na wanke ta, kwastoma ta farko ta ce min "Hajiya yau yogot ɗin miya-miya yake".

Wane girma ya dace da ƙaramin haɗi?

Wanda abin zai tsaya a kashi uku cikin huɗu. Lita uku za ki haɗa, nemi mazubin lita huɗu. Duk abin da ke tsimuwa yana tasowa ya yi kumfa, gero ma in an jiƙa shi kumbura yake, in kin cika fal da safe za ki tarar ya malalo ƙasa tururuwa sun yi layi. Kindirmo ne kawai ba ya buƙatar wannan filin sosai. Kuma gara ƙanana biyu da babba ɗaya in kina koyo, in ɗaya ya lalace ɗayan na nan.

Zan iya zuba kunu ko madara da zafinta a roba?

Ya danganta da lambar, duba bayanin lambobi a sama. Gorar ruwa lamba 1 tana fara laushi tun wajen digiri 60 zuwa 70, in kin ɗura mata kunu daga wuta a gabanki za ta yamutse ta karkace kamar tsohuwar leda, duk mai sayar da kunu ta taɓa yin wannan ɓarnar sau ɗaya. Lamba 5 sai wajen digiri 160 take narkewa, lamba 2 wajen 130, saboda haka tafasasshen ruwa ba ya narka su, amma duk da haka ni ba na son abinci mai tafasa ya daɗe a roba.

Yogot ma ai ba ya buƙata. Dafa madarar a tukunya, ki bar ta ta huce zuwa wajen digiri 43 zuwa 45, wato ɗumin da za ki sa ɗan yatsa mai tsabta ki ƙirga goma bai ƙona ki ba, sannan ki juye a robar ki sa iri, wato ɗan yogot ɗin da ya riga ya kama, ki rufe ki lulluɓe da bargo ko ki sa a kula awa shida zuwa takwas. In kin sa iri da zafi ƙwayoyin da ke kama madarar mutuwa za su yi, gobe ki tarar da ruwa tsululu ki ce roba ce ta cuce ki.

A rufe marfi gam ko a bar shi sako-sako?

Nan ne mutane suka fi ruɗewa don amsar ba ɗaya ba ce. Kindirmo da yogot a rufe, ba sa fitar da gas na a zo a gani. Jiƙon gero ko masara da gasarar da aka tace, a ɗora marfi kawai kar a danna, ana canja ruwan sama kullum, marfin don ƙura ne da ƙuda da ɓera, kuma kar a raina zancen ɓera tunda ta fitsarinsa da kashinsa zazzaɓin Lassa ke shiga abinci. Khal kuwa iska yake so, da ƙyalle ake rufe shi, yana da tasa tambayar a ƙasa.

Duk abin da aka sa wa sukari da yis, ko ƴaƴan itace da ke tsimuwa da kansu, wannan gas yake fitarwa ba na wasa ba. Kusan rabin nauyin sukarin da yis ya cinye gas yake komawa, giram 100 na sukari kaɗai zai iya ba da kimanin lita 25 na iska. To ki auna wannan a cikin bokitin lita huɗu da aka danne marfinsa. Ko marfin ya yi tsalle ko gefen ya tsage.

Na ga Turawa na sa wani ɗan abu a saman marfi yana ɓul-ɓul, dole sai na saya?

Ba dole ba. Aikinsa kawai ya bar gas ya fita iska da ƙwari kuma kar su shiga, kuma da kayan gida za ki haɗa shi. Ɗora ƙusa a wuta ki huda marfin, ki zura siririn tiyo sabo mai garau ya shiga da ƙyar, ki liƙe gefen ta waje, ɗaya bakin tiyon ki tsoma shi a gorar da ke da ruwa rabi. Kan tiyon na ciki kar ya taɓa haɗin, a sama zai tsaya. In ya fara aiki za ki ji ɓul, ɓul, cikin dare kamar kwaɗo a randa. In gora ce ko jarka ma ya fi sauƙi, ki sa balan-balan a bakin ki huda shi da allura sau ɗaya, zai miƙe tsaye in ana aiki, ya kwanta in an gama.

In ba ki ga kumfa a gorar ruwan ba kar ki ce haɗin ya mutu, marafan bokiti da yawa suna sace iska ta gefe. Leƙa ki ga ko akwai kumfa a saman haɗin.

Gorar lemon citta ta kumbura ta yi tauri kamar dutse, lafiya?

Gas ne ya taru, kuma wannan shi ne babban dalilin da ya sa na fi son gorar lemo a kan kwalba ga mai koyo: gora tana gaya miki halin da take ciki. Matsa ta da yatsa safe da yamma, ranar da ta ƙi lotsawa ta isa, sai firji. Kwalba ba ta magana sai dai ki ji tau, ga gilas ko'ina ga yara a gida. Ki yi amfani da gorar da dama lemo mai gas ya zo a ciki, mai gindi ƙafa biyar, ita aka yi don matsi. Gorar ruwa sirirya ce, gindinta turowa yake ta kasa tsayuwa.

Lokacin zafi, Maris zuwa Mayu, abin da ke ɗaukar kwana biyu da sanyi yini ɗaya ya ishe shi. Kuma firji ba ya kashe yis, kwantar da shi kawai yake, in aka ɗauke wuta kwana biyu ya tashi ya ci gaba daga inda ya tsaya. Haka ta faru da ni, na buɗe wata gora a falo ina yi wa baƙi gwaninta, har yau akwai taswirar citta a silin ɗinmu. Ki riƙa buɗewa a tsakar gida, a hankali, murɗa kaɗan ki tsaya ya yi tsiii ki sake murɗawa. Kunun aya shi ma yana kumbura gora, amma nasa ba abin murna ba ne, lalacewa ce, zubarwa ake.

Yaya zan wanke, kuma sai na sa bilic?

Soso mai laushi da sabulun wanke-wanke, nan take bayan kin juye, kafin abin ya bushe a jiki. Soson ƙarfe shi ne babban abokin gabar roba, yana barin ƙananan karce da ido ba ya gani sosai, a nan ƙwayoyin cuta ke maƙalewa, sai ki ga yogot ɗin da kike yi lafiya wata shida ya fara yauƙi ko ɗaci ba ki canja komai ba. Zaren marfi da lungun da ke ƙarƙashin baki a bi su da tsohon buroshin haƙori da aka ware don haka.

Na kamu wanki ya isa. Na yogot da lemo da khal ina ƙarawa da bilic irin Hypo ko Jik mara turare: babban cokali ɗaya a ruwa lita huɗu, a jiƙa minti 20, a ɗauraye sosai da ruwan da aka tafasa ya huce har sai warin ya tafi, a kife ta bushe. Don Allah kar a haɗa bilic da khal ko wani abu mai tsami wai don ya fi ƙarfi, hayaƙin kilorin yake fitarwa mai shaƙe mutum.

Robar ta riƙe warin abin da ya gabata, akwai dabara?

Bekin soda cokali biyu a ruwan ɗumi ta kwana, a wanke a shanya a buɗe yini guda. In ya tafi shikenan, in bai tafi ba ta zama robar wannan abin har abada. Shi ya sa kowane aiki nake ware masa tasa in rubuta a jiki da maka. Madara ta fi komai kwasar wari, robar da ta taɓa ganin citta, tafarnuwa ko daddawa kar ta kusanci kindirmo.

Khal yana wata guda ko fiye, ba zai ci robar ba?

Lamba 2 da 5 suna jure tsamin khal, wanda ake sayarwa a shago ma mai ƙarfin kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari a gorar roba yake zuwa. Abin da khal ke so shi ne baki mai faɗi, domin mataki biyu yake bi: da farko yis ya mai da sukarin ɓawon abarba ko tuffa ko rake ya zama barasa, sannan wasu ƙwayoyin su mai da barasar ta zama khal, su kuma na biyun ba sa aiki sai da iska. Saboda haka bokiti ya fi jarka, a rufe da ƙyalle mai ƙananan ido a ɗaure da roba, don ƙananan ƙudajen nan masu son tsami ta ramin abin tata mai faɗi ma shiga suke. Wani farin abu mai santsi kamar tantani zai kwanta a sama, wannan uwar khal ce, a ajiye ta don haɗi na gaba. In kuwa gashi-gashi kika gani kore ko baƙi, funfuna ce, a zubar duka.

Daddawa fa, zan iya rufe ta a bokiti mai marfi?

Kar ki yi. Daddawa ba tsami take yi ba, ƙwayoyin da ke nuna kalwa ɗumi suke so da ɗan numfashi, shi ya sa iyayenmu ke zuba ta a ƙwarya ko kwando su rufe da ganye da buhu. In kin toshe ta a roba gumi zai taru ta jiƙe ta yi wari na daban. Kuma abin da ba shi da tsami in aka hana shi iska a wuri mai ɗumi haɗari ne na gaske. A Alaska ta Amurka mutanen asalin wurin sun daɗe suna tsima kifi a rami cikin ƙasa mai sanyi, da wasu suka koma yi a robobi masu marfi sai likitoci suka lura gubar nan mai shanye jiki da ake kira botulizim ta fi kama masu yin hakan. Sauƙin da kamu da kindirmo ke da shi, tsaminsu ne ke tsare su.

Gorar dispensa mai lita 19 fa?

Kifa ta ki gani. Wasu lamba 1 ne, waɗannan ba laifi ga abu mai sanyi. Masu tauri shuɗi-shuɗi da yawa lamba 7 ne ko an rubuta PC, irin robar da ke da sinadarin BPA wanda Tarayyar Turai ta hana sa shi a fidar jarirai tun 2011. Ruwan sanyi aka yi su dominsa, ban ga dalilin zuba musu abu mai tsami ya yi makonni ba alhali ga bokitin bota. Ga wahalar wanki kuma, irin ta jarka.

Tsakani da Allah, in abin ya daɗe a robar ba giya zai zama ba?

In akwai sukari da yis kuma aka ba shi lokaci, eh, barasa na taruwa, kuma rufaffen mazubi a wuri mai ɗumi yana hanzarta hakan. Burkutu da fito ma ai dawa ce da aka tsirar aka dafa aka bari ta tsimu, ba wani sihiri. Kindirmo da kamu hanyarsu daban, tsami suke yi. Lemon citta da zoɓo da aka sa wa yis su ne abin lura, yini ɗaya zuwa biyu a sa a sanyi a shanye, in ya fara yaji a hanci yana ɗaci ya wuce lemo.

Zancen mazubi ma ba sabo ba ne a addini. Ya zo a hadisi cewa Annabi (SAW) ya hana tawagar Abdul Ƙais yin tsimin dabino a wasu mazubai huɗu, ciki har da duma da kututturen dabino da aka fafe da tulun da aka shafe da kwalta, malamai suka ce don abu yana saurin ƙarfi a cikinsu ba a sani ba, daga baya aka yi sauƙi a kan mazuban aka bar hanin a kan abin da ke bugarwa. Hukuncin khal ɗin da mutum ya haɗa da hannunsa kuwa malamai sun yi saɓani, wannan sai a tambayi malami ba mai sayar da yogot ba.

Ba gara ƙwarya ko randa ko tukunyar ƙarfe ba?

Kindirmon ƙwarya ya fi daɗi, ban musa ba, ƙwaryar da ta saba tana riƙe irin a jikinta kuma randa tana sanyaya abu. Amma abin da ya sa suke riƙe iri shi ne ya sa ba sa wankuwa tas, in kina sana'a kina son na yau ya zama irin na jiya roba ta fi sauƙin sarrafawa. Kwalba mai faɗin baki ta fi duka in ba gas. Tukunyar dalma da bokitin ƙarfe mai ruwan kwano kuwa tsami cin su yake, abin ya yi duhu ya yi ɗanɗanon ƙarfe. Samira tana yi in fentinta bai ɓantare ba.

Yaushe zan yi ritayar roba?

In kin shafa cikin kin ji kaushi, in ta yi fari-fari kamar gari saboda rana, in marfi ya daina kamawa, ko haɗi biyu a jere sun lalace ba dalili. Gorar lemo sau uku huɗu nake ɗura mata abu mai gas in canja, wadda ta lotse ko ta karce tun farko ba na ɗauka. Tsofaffin bokitan nawa ƙusa nake sa wa a gindi in shuka na'ana'a da albasa mai lawashi a bayan kicin.